Daga Zauren Alƙali Zuwa Jiran Shari'a: Waiwaye Kan Kotunan Ƙasar Rano

Dattawanmu na Rano da Kibiya kan ce a da shari'a ba ta kwana. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar shari'a a hannun alƙalai ƙarƙashin En'e. Ɓarawon akuya kan gurfana da hantsi, kafin la'asar an yanke masa hukunci, shari'ar kisan kai kuwa sai Majalisar Sarki a birni. Sai dai saurin nan yana da farashi: ba a barin lauya ya tsaya wa kowa, kuma talakan da ya saɓa da hakimi ya san inda zai kwana.

Gab da samun 'yancin kai a 1960, Jihar Arewa ta fara aiki da kundin Final Kod. A 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rushe kotunan sarakuna. Kotunan yanki da suka gaje su ne aka mayar kotunan Shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000.

A ganinmu, cunkoson yau ya samo asali ne daga raba aikin gida biyu: kamu a ƙauye, takarda a birni. Majistare ba shi da hurumin sauraron kisan kai ko fashi da makami. Iyakarsa ya tsare wanda ake zargi har Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara. Kafin fayil ya je Kano ya dawo, wataƙila an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, shaidu kuma sun gaji da biyan kuɗin mota a tsakiyar damina don kawai a ce an ɗage zama. Yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021, da ya rufe kotuna wata biyu, ya ƙara wa Borno dawaki.

Kano ta yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019 domin rage wannan jinkiri. Duk da haka kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya masu jiran shari'a ne. Cikinsu akwai 'yan'uwanmu da ke Kurmawa da Goron Dutse, waɗanda gonakinsu suka yi damina biyu ko uku ba a shuka ba. Mu mazauna Kano mun fi iyayensu kusa da teburin da fayil ɗinsu yake kwance.