Ƙofar da Ba Ta Tare Iska

A Kusa na tashi, bakin iyakar Jibiya, inda motocin Maraɗi ke isowa da bazara injinsu na huci. Kawuna bakanike ne. Idan zafin inji ya dami mota, sai ya huda bonet ya liƙa ƙoƙon ƙarfe mai tudu don ya kamfaci iska. Yakan ce mini, "Ɗana, iska baƙuwa ce, sai ka tare ta a hanya." Sai da na girma na san akwai waɗanda suka bar ta ta shigo don kanta.

A 1945, injiniyoyin hukumar NACA ta Amurka, wadda ta zama NASA a 1958, suka fito da wata mashigar iska a cibiyarsu ta Ames. Ba ta da tudu, nutse take cikin jikin jirgi. Tana farawa siririya, ta gangara kimanin digiri 7 tana faɗaɗa, gefunanta a lanƙwashe, bakinsu da kaifi. Kaifin nan ke haifar da 'yan guguwa biyu, su ture ragguwar iskar da ke manne da jikin jirgi, su jawo mai ƙarfi ciki. Jirgi ya sha iska, ba ta ja shi baya sosai ba.

An ci mata dogon buri. A 1950 aka gwada ta a jirgin yaƙi YF-93, amma iskar ba ta ishi injinsa ba. Da labarin a baka yake, da nan ya mutu. To, an riga an rubuta awonta tsaf, kowa na iya ɗauka. Bayan Burt Rutan ya fito da VariEze a 1975, ƙera ƙananan jirage a gida da soso da zaren gilashi ya bazu, mashigar ta sami masu so. Maƙeri zai sassaƙa soson bisa awo, ya shimfiɗa zaren, ya shafe da danƙo. Wanda ya goge kaifin gefe don neman kyau ya kashe guguwar, wanda bai yi wa iska mafita ba kuwa ya yi aikin banza.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen hannu. A Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle 60 don horar da mayaƙan sama, daga RV-6A, ƙirar masu haɗa jirgi a gida. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a Kano.

Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ya san girman ramin da ya dace da kowace mota, amma bai bar ko layi ɗaya ba. Ni da na yi boko, na zauna gabansa shekara da shekaru ina miƙa masa sifana, ban taɓa ɗauko biro ba.