Daga Tashbihi Zuwa Kamantawa: Tarihin Kalmomin Nazarin Salo

Kalmomin da ɗalibi ke feɗe salon waƙa ko zube da su a Hausa sun biyo hanyoyi biyu ne: ta zaure da ta boko.

Hanyar zaure ta faro daga Larabci. A shekarar 887 Miladiyya, Ibnul Mu'utazzi ya wallafa Kitabul Badi'i, inda ya sanya isti'ara a sahun farko na adon magana. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a ƙarni na 11, ya zurfafa bincike a Asrarul Balaga. Bayan Sakkaki (rasuwa 1229) da Ƙazwini (rasuwa 1338), balaga ta zauna kan rassa uku: ma'ani da bayani da badi'i. Waƙaƙƙun littattafai irin su Uƙudul Jumani na Suyuɗi da Jauharul Maknuni na Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, su ne suka shiga zaurukan ƙasar Hausa, aka riƙa biya tashbihi da isti'ara da kinaya a gaban malamai.

Hanya ta biyu kuwa ta buɗe ne sa'ad da Hausa ta zama fannin nazari a jami'o'i. Masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo, a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, da Abdullahi Bayero Yahya, a Salo Asirin Waƙa, sun daidaita kalmomi daga cikin harshen kansa: kamantawa da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa.

Sai dai hanyoyin biyu ba su haɗu daidai wa daida ba. Idan aka ce "sarki kamar zaki yake", wannan kamantawa ce, tashbihi ne kuma. Amma idan aka ce "sarki zaki ne", manazarcin boko zai kira shi siffantawa, malamin balaga kuwa ya ce har yanzu tashbihi ne, mai suna baligi, domin an ambaci sarkin da zakin duka. A wurinsa isti'ara ba ta samuwa sai an ɓoye ɗayansu, kamar a ce "zaki ya fito fada".

Saboda haka ɗalibin da ya fassara isti'ara da siffantawa kai tsaye zai gurɓata hukuncinsa a kan baiti. Kafin ya ɗora kalma a kan jimla, wajibi ne ya san hanyar da ta biyo da ma'aunin da ta zo da shi.