Sani Mu'azu Da Jagorancin 'Yan Wasan Kwaikwayo A Shekarun Tsanani

Tun zamanin da, kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da shugabanta. Maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Fawa, makaɗa kuma suna da Sarkin Makaɗa. Fada ce take naɗa shi, shi ne kuma yake kai kukan mutanensa gaban Sarki. Wasan kwaikwayo na bidiyo, wanda ya kafu a Kano da fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya zo ba shi da irin wannan sarauta. Saboda haka ya zama tilas masu yin sa su nemi wata inuwa, watau ƙungiya mai zaɓen shugabanninta da kanta. Tarihin Sani Mu'azu ya nuna amfanin wannan inuwa a ranar da rana ta yi zafi.

Sani Mu'azu mutumin Jos ne, garin da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da mazauninta. Ba a san shi da fitowa a matsayin saurayi mai rera waƙa ba. Rawar da ya ƙware a kanta ita ce ta uba, ko attajiri, ko mai mulki, watau mutumin da labari ba nasa ba ne, amma in babu shi labarin ba ya tsayuwa. Alal misali, a Lionheart na Genevieve Nnaji, na 2018, shi ne Alhaji Danladi Maikano, mai kamfanin motocin sufuri. A Kwana Casa'in kuwa, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, shi ne Gwamna Bawa Maikada.

Amma babban aikin da ya faɗo masa ba a gaban kyamara ya same shi ba. A watan Agusta na 1428 bayan Hijira, daidai da 2007, wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar wasa ya bazu a wayoyin jama'a, gari ya ɗauki zafi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, aka kuma dakatar da ɗaukar fim har wata shida. Daga nan kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Rabilu Musa Ibro a 2008, sa'an nan a ƙarshen wannan shekara aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a kan fim ɗinsa Tsintsiya.

A waɗannan shekaru Sani Mu'azu ne shugaban MOPPAN, uwar ƙungiyar masu sana'ar fim ta Arewa. Hanya biyu ce a gabansa: ko dai a durƙusa a nemi afuwa kamar yadda Sarkin sana'a yake yi a fada, ko kuwa a nemi hakki ta hanyar doka. Ƙungiyar ta bi ta biyu. Ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, tana ƙalubalantar ikon hukumar jiha a kan fim ɗin da hukumar tarayya ta riga ta tace. Zamansa a Jos ya taimaka ƙwarai, domin ya iya yin magana a fili inda na cikin Kano suke tsoron kamu. Shari'a dai ta yi ta jan ƙafa, 'yan wasa da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa Kaduna da Jos suka ci gaba da aiki, har gwamnati ta canza a 2011.

Ba za a ce kotu ce ta kawo ƙarshen tsananin ba, zaɓe ne ya kawo shi. Duk da haka, tun daga wannan lokaci ɗan wasan Hausa ya san cewa yana da inda zai kai kuka ban da ƙofar mai mulki, ya kuma san cewa a ranar wuya ba farin jini ake nema ga shugaba ba, sai haƙuri da sanin doka.