Kokum: ɗan'uwan namijin goro da ke tsirowa a Indiya

Duk mai karanta bayan robar man shafawa ko kwalin shayin rage ƙiba da ake shigowa da su kasuwannin Legas da Ibadan, ƙila ya taɓa cin karo da sunan kokum, ko kuma Garcinia. Na ga ya dace mu san mene ne abin, tunda kuɗinmu ke tafiya a kansa.

Kokum bishiya ce ta yammacin Indiya, masana tsirrai suna kiranta Garcinia indica. Namijin goron nan da muke saye da sayarwa a Sabo da Shagamu, wanda Yarabawa ke ce wa orogbo, shi kuma Garcinia kola ne. Wato dangi ɗaya suke. Abin mamakin ma, namijin goro ya fi kusa da kokum a kan goron da muka laƙaba masa sunansa, domin goro danginsa daban ne. Bambancin shi ne, mu ƙwayar muke taunawa mu yar da ɓawon, su kuwa Indiyawa ɓawon ne abincinsu, ƙwayar kuma su matse ta su cire mai.

Gidanta shi ne gaɓar tekun da ake kira Konkan, daga gundumomin Ratnagiri da Sindhudurg a jihar Maharashtra, zuwa Gowa da Karnataka. Ƙasa ce mai ruwan sama da laima, kamar nan kudu. Bishiyar doguwa ce siririya, rassanta na sunkuyowa ƙasa, ganyenta kore shar rani da damina. Tana da mace da namiji kamar dabino. Wanda ya shuka ƙwaya sai ya jira shekara 7 zuwa 8 kafin ya ga 'ya'ya, kuma yana iya ƙarewa da namiji bayan duk wannan jira. Shi ya sa manoma suka koma yi mata aure irin na mangwaro, wanda ke rage jiran zuwa kusan rabi.

Ɗan itacen bai wuce girman lemun tsami ba. Kore ne da fari, in ya nuna ya koma ja wur har ya yi duhu. Yana nuna a watannin Afrilu da Mayu, dab da saukar damina a Yuni, kuma ba ya jimrewa ajiya. Wanda bai shanya nasa da wuri ba, ruwa ya cinye masa.

Ana fasa shi, a cire ƙwayoyin, a jiƙa ɓawon a cikin ruwan ɗan itacen a shanya a rana, a maimaita har ya yi baƙi ya yi laushi. Wannan busasshen ɓawo, da suke kira amsul, shi ne tsamiyar mutanen Konkan. Da shi suke tsamama miyar kifi da ta wake. Suna jiƙa shi da sukari su sha da zafi, launinsa sak zoɓo. Akwai kuma solkadhi, wato ruwan kokum da madarar kwakwa da tafarnuwa da barkono da gishiri, ana sha bayan cin abinci don ciki ya kwanta.

Man ƙwayar shi ne ya fi shafar mu. Fari ne, mai tauri, ya fi man kaɗe tauri nesa ba kusa ba, har yana karyewa kamar sabulu, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 40. Ba shi da wari, ba ya saurin lalacewa. Mutanen can sun daɗe suna shafa shi a faso da tsagewar leɓe. A nawa ganin, in dai don faso da kaushin hunturu ne, babu abin da zai yi miki wanda man kaɗe mai kyau ba zai yi ba, kuma a kuɗi kaɗan. Inda ya fi shi kawai, ba ya maiƙo sosai, kuma ba ya narkewa a jaka.

Su biyun kishiyoyi ne a kasuwar duniya. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yi doka cewa masu yin cakulet za su iya sa wani man tsiro ban da na koko, amma kada ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma iri shida kaɗai ta yarda da su. A cikinsu akwai man ja, da man ƙwallon mangwaro, da man kaɗe, da kokum. Ke nan matar da ke tsintar kaɗanya a Neja ko Kwara da mai tara ƙwayar kokum a Ratnagiri, masana'anta ɗaya suke yi wa aiki ba su sani ba.

Sai batun rage ƙiba, inda nake so 'yan'uwa mata su buɗe ido. Ɓawon kokum na ɗauke da wani sinadari mai tsami da ake kira HCA. Yawancin ƙwayoyin rage ƙiba ma ba daga kokum ake ciro shi ba, daga wata 'yar'uwarta ne, Garcinia cambogia. An gwada shi a kan ɓeraye sun rage ci, daga nan talla ta tashi. Amma da aka gwada shi a Amurka a 1998 a kan mutum 135 na mako 12, waɗanda suka sha ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta ramewa ba. Likitoci kuma sun samu mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan irin waɗannan haɗe-haɗen. Sa ɓawo a miya daban, haɗiyar sinadarin da aka tace aka cusa a kafso kullum daban. Mai juna biyu, da mai ciwon hanta ko ciwon suga, kada su kusance shi sai da izinin likita, ko da kwalin na ɗauke da lambar NAFDAC.