Ina masu mota mai ɗaki ke kwana idan ba su samu filin kampin ba?

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da aka gina wa ɗaki a baya: ga gado, ga murhun gas, ga ƴar firji, ga makewayi, wasu har da wurin wanka. Faransawa na ce mata kampin-kar, Amurkawa kuma RV. Dattawan Agadez da Arlit sun san ta, don a shekarun 1980 masu yawon buɗe ido kan ratso hamada da irinta daga Tamanrasset ta Assamaka. Mai wannan mota dai yana tafe da gidansa, amma fa ba ya tafe da filin da zai ajiye gidan. Idan dare ya yi, filin kampin na kuɗi ya cika, ko ya yi nisa, ko aljihu ya ƙi, to ina za a kwana ba tare da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi ba? Ga wuraren da aka fi sani, da ƙa'idar kowane.

Sharaɗin farko

Kafin komai, sai motar ta iya riƙe kanta, don a waɗannan wurare ba famfo, ba wutar lantarki, ba masai. Galibi tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Wuta kuma daga batir take, ko sola, ko injin wuta, wanda muke ce wa gurup. Tankin ƙazanta ba a zubar da shi a bakin hanya ko cikin daji. Akwai ramukan da aka tanada a wasu gidajen mai da filayen kampin. Wanda aka kama yana zubarwa a waje, tara ce ke jiransa.

Filayen gwamnati a Amurka

Hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, tana riƙe da kusan murabba'in kilomita miliyan ɗaya, wato fiye da kashi uku cikin huɗu na faɗin ƙasar Nijar. Mafi yawansu suna yammaci, a jihohi irin su Nevada, Utah da Arizona. A galibin waɗannan filaye mutum na iya kwana kyauta, amma kada ya wuce kwana 14 cikin kwana 28 a wuri guda. Bayan nan, a yankuna da dama, sai ya matsa aƙalla kilomita 40. Gandun dajin tarayya ma na da irin wannan tsari.

Garin Quartzsite na Arizona ya yi suna a wannan harka. Lokacin sanyi dubban motoci ke sauka kewaye da shi, har ya koma kamar babbar kasuwa. Can akwai filin dogon zama, inda ake sayen takardar izini daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Matsalar filin daji ita ce hanya: ba kwalta, ruwan sama kan kafe mota cikin laka, kuma sau da yawa waya ba ta kamawa.

Harabar manyan kantuna

Kantunan Walmart da yawa na barin matafiyi ya kwana a filin ajiye motocinsu. Sai dai alfarma ce, ba haƙƙi ba: manajan kowane kanti ke yanke shawara, kuma idan dokar garin ta hana kwana cikin mota, ko manajan ya so ba yadda zai yi. Haka wasu gidajen abinci na Cracker Barrel da kantunan Cabela's. Ladabin abin sananne ne. A shiga a nemi izini, a tsaya can nesa da ƙofa, a yi ɗan cefane, kada a fito da kujeru ko a hura wutar gashi, kuma da safe a kama hanya. Kantuna da dama sun janye alfarmar saboda masu barin shara da masu mayar da wurin gida.

Wuraren hutawa da tashoshin manyan motoci

A bakin manyan hanyoyi akwai wuraren hutawa, kuma kowace jiha da tata doka. Texas ta yarda da awa 24, Kalifoniya awa 8, Florida kuwa awa 3 kacal. Don haka a karanta allon da ke bakin shiga.

Akwai kuma tashoshin manyan motoci, irin su Pilot Flying J da Love's, masu mai, abinci da wurin wanka dare da rana. Nan akwai abin lura. Dokar Amurka ta ce direban babbar mota, in ya yi tuƙin awa 11, dole ya huta awa 10. Wurin tsayawa kuma yana musu ƙaranci. Mai yawon shaƙatawa da ya tare gurbinsu ya tura mai neman abinci ya kwana a gefen titi. Duk wanda ya taɓa ganin layin kamiyo da dare a Gaya ko Konni ya san abin da ake nufi. Shi ya sa wasu tashoshin suka ware wa motoci masu ɗaki nasu ɓangaren.

Baƙunta a gonaki

Wata dabarar ita ce sauka a gonar wani. A Faransa, tsarin France Passion ya fara tun 1993: mutum ya biya kuɗin shekara, ya samu littafin da ke ɗauke da sunayen manoma da makiyaya da masu gonakin inabi da suka yarda a kwana a harabarsu awa 24 kyauta. A Amurka, Harvest Hosts na yin irin haka tun 2010. Abin da ake so ga baƙo shi ne ya gai da mai gida, ya sayi ɗan cuku ko zuma ko ƙwai, ya bar wurin yadda ya same shi.

Faransa da Jamus

A dokar Faransa, kampin-kar mota ce kamar kowace, tana iya tsayawa inda sauran motoci ke tsayawa. Amma in ta wuce kwana 7 a wuri ɗaya ta yi laifi, kuma magajin gari na da ikon rage wa'adin. Akwai bambanci tsakanin tsayawa da yada zango: da zarar an buɗe rumfa ko an fito da tebur, an shiga dokar kampin, wadda ta hana haka a bakin teku da kusa da gine-ginen tarihi. Garuruwa da yawa sun tanadi filaye na musamman, masu famfo da ramin zubar da ƙazanta, wasu kyauta, wasu da kuɗi kaɗan. A Jamus kuwa, direban da ya gaji yana iya yin barcin dare ɗaya a inda aka halatta tsayawa, don ya dawo hayyacinsa ya ci gaba da tuƙi.

Tsaro da lafiya

Matafiya na amfani da manhajojin waya irin su iOverlander da Park4night don sanin inda wasu suka kwana lafiya, sai dai bayanin kan tsufa, allon da ke wurin shi ne abin dogaro. Gogaggu kan isa tun da sauran rana, su juya kan motar ya kalli hanyar fita, makulli na kusa. Babban makashi kuma shi ne hayaƙin gurup ko na murhu: iskar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Kada a kwana da injin yana aiki kusa da taga, kuma a saka na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru.

Ba kowa ke yawon daɗi ba

Wasu na zaune cikin mota ne don kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Fim ɗin Nomadland, da ya ci kyautar Oscar a 2021, a kansu aka yi shi. A watan Yuni na 2024, kotun ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, ta ce garuruwa na iya hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Ga mai hutu, dokar da ta tsananta na nufin ya ƙara gaba ya biya filin kampin. Ga wanda motar ce kaɗai gidansa, tana iya nufin tara, ko a ja motar a tafi da ita da gadonsa a ciki.