Dabbobin dajin Turai na roba: asalinsu, sunayensu da yadda suke isowa kasuwannin Kano

Dabbobin wasa na roba ƙananan siffofi ne na namun daji da ake zubawa da roba a yi musu fenti. Mafi yawansu ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, manyan cikinsu kuwa sukan cika tafin hannu. A Kano ana samun su a shagunan kayan wasan yara na Kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, da manyan kantunan Ƙaramar Hukumar Fagge, da farantan 'yan talla a lokutan Sallah da Kirsimeti. Ana ƙulla su a leda, shida-shida ko dozin-dozin.

Wanda ya zazzage ledar zai gane zaki da giwa da raƙumin dawa nan take. Amma akan tarar da wasu halittun da ba a san su a dajin ƙasar Hausa ba: wata mai kama da barewa, sai dai ƙahonta ya yi rassa kamar bishiya, wata mai kama da kare da jan gashi da jela mai kauri, wata ƙatuwa mai gashi tsaye a kan ƙafafun baya. Waɗannan dabbobin dajin Turai ne. Sun shigo ledar ne saboda a Turai aka fara wannan sana'a, masana'antun da suka gaje ta a wasu ƙasashe kuma suka ci gaba da kwaikwayon tsoffin siffofin.

Wace dabba ce wannan?

Tambayar farko da yaro ke yi wa wanda ya sayo masa ita ce sunan dabbar, kuma a nan manya da yawa kan yi tuntuɓe, domin Hausa ta raɗa wa dabbobin da ta sani suna ne, sauran sai aro ko kamance.

Mai kama da kare, launin toka, shi ne ake fassarawa da kerkeci. A asali kerkeci karen dajin Afirka ne mai farauta a garke, amma kalmar ta daɗe tana wakiltar takwaransa na ƙasashen sanyi. Ita ce Sheikh Abubakar Gumi ya yi amfani da ita a ƙissar Annabi Yusuf cikin tarjamarsa ta Alƙur'ani. An ƙarar da kerkecin Turai a Ingila ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A Jamus ma ya ɓace, sai a shekarar 2000 aka sake ganin ya haihu a dajin gabashin ƙasar, yanzu kuma makiyayan tumaki a can suna kuka da shi.

Ja mai jela mai kauri da farin baki ba dila ba ne, ko da yake haka yawancin mutane ke ce masa. Ya fi kusa da yanyawa. Sai dai a tatsuniyoyin Turawa shi ke riƙe da matsayin da dila, malamin daji, ke riƙe da shi a na Hausa, saboda haka wanda ya kira shi dila ya yi kuskure a jinsi, ya dace a hali.

Mai ƙaho da rassa ita ce ta fi ruɗa masu saye. Ba barewa ba ce, ba gada ba ce, ba kuma mariri ba. Ƙahon barewa da na sa ɗaya ne har mutuwa. Na wannan kuwa ƙashi ne zalla, namiji ke fitar da shi, ya faɗi kowace shekara, wani ya tsiro a madadinsa. Idan aka ga siffa biyu masu jiki iri ɗaya, ɗaya da rassa ɗaya babu, to namiji ne da mace.

Ƙaton mai gashi ana ce masa beyar, kalmar aro ce domin babu shi a kudu da Sahara. In aka cire Rasha, Romaniya ce ta fi kowace ƙasar Turai yawansa. Akwai kuma ɓaunar Turai mai tozo da gemu, dabbar tudu mafi nauyi a nahiyar. Labarinta abin lura ne: an kashe ta ƙarshe a dajin Folan a 1919, ta ƙarshe a tsaunukan Kaukasus a 1927, ba a bar komai ba sai 'yan hamsin da wani abu a gidajen ajiye namun daji. Daga waɗannan aka sake kiwonta, aka fara mayar da ita daji a 1952.

Bushiya da kurege da zomo da mujiya ba sa buƙatar tafinta. Mai zanen fari da baƙi a fuska ɗan uwan dage ne. Wanda ya kamata ɗan kasuwa ya gane da kyau shi ne baƙi-baƙin nan mai dogon baki da 'yan haure: aladen dajin Turai ne, ɗan uwan gadu, kuma ƙananan masu zane-zane a gadon baya 'ya'yansa ne. Kusan babu jerin dabbobin dajin Turai da ba a sa shi, ga shi kuma abokan ciniki da yawa a Kano ba za su so su kai shi gida ba.

Daga katako zuwa dalma, daga dalma zuwa roba

Tushen sana'ar yana tsaunukan gabashin Jamus, a wani ƙauye mai suna Seiffen. Mutanensa masu haƙar kuza ne. Da ma'adinin ya ja baya sai suka koma sassaƙa. Wajen shekarar 1800 suka fito da wata dabara da har yau ake nuna wa baƙi. Za a ɗora guntun itace a injin juya katako, a sassaƙe shi ya zama zobe, amma a yi wa zoben lungu da tudu yadda idan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kamar yadda ake yanka burodi, kowace gunduwa za ta fito da siffar doki ko saniya. Zobe ɗaya kan ba da dabbobi da dama. Da su ake cika jirgin Annabi Nuhu na katako, wanda ya zama sanannen abin wasa a gidajen Turawa a ƙarni na 19.

A 1893 kamfanin Britains na Landan ya ƙware wajen zuba dalma a bar cikin siffar fanko, abin da ya rage nauyi da kuɗi. Da sojojin wasa ya fara. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da jama'a suka gaji da kayan yaƙi, ya fito da dabbobin gona a 1921, na gidan zu a 1929. A Jamus kuma kamfanin Hausser, wanda aka kafa a 1904, yana kwaɓa garin katako da gam da farar ƙasa a kan waya, yana sayarwa da sunan Elastolin. Britains ya daina yin na dalma a 1966 saboda dokokin kare lafiyar yara, roba ta karɓe kasuwa gaba ɗaya.

Sunan da ya fi fice a yau shi ne Schleich, wanda Friedrich Schleich ya kafa a 1935 a garin Schwäbisch Gmünd na kudancin Jamus. Akwai kuma Bullyland na Jamus da Papo na Faransa. Waɗannan kamfanoni sukan sassaƙa samfurin farko da hannu, a yi mazubin ƙarfe, a tura narkakkiyar roba ciki, sannan a yi fenti da hannu ɗaya bayan ɗaya. Fentin ne ke cin kuɗi, shi ya sa su ma suka kai aikin ƙasashen da ƙwadago ke da sauƙi, har da Sin. Don haka ganin an rubuta cewa a Sin aka yi siffa ba ya nuna jabu ce.

Hanyar zuwa Kano

Kayan da suka cika kasuwa ba na waɗancan kamfanoni ba ne. Cibiyar kayan wasan roba masu araha ita ce gundumar Chenghai da ke birnin Shantou a lardin Guangdong, sai babbar kasuwar sari ta Yiwu a lardin Zhejiang, inda fatake daga Afirka ke haɗa kwantena. Daga nan kaya su bi teku zuwa Apapa ko Tin Can a Legas, su hau tirela zuwa Kano.

Ba abin mamaki ba ne a nan suke sauka. Fagge tun da daɗewa masaukin fatake ne a wajen ganuwa, Sabon Gari kuma an kafa shi ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya zama ƙofar kayan kanti. Har yau mai shigo da kaya yakan fara da 'yan canjin Wapa kafin ya yi maganar katan nawa zai saya, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 lissafin ya ƙara nauyi. Kayan wasa ba abinci ba ne. Idan farashi ya haura, maigida hannu yake janyewa, shi kuwa ɗan kasuwa sai ya nemi samfurin da ya fi sauƙi. Matsalar ita ce, a wannan haja, abin da ake ragewa don a sauko da farashi shi ne ingancin roba da na fenti.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo. A cikin kayan wasan da iyalan Turai suka gama da su akan tsinci na asali, kuma mai ido yakan saye shi da kuɗin na jabu. Gane shi ba wuya. Yana da nauyi domin cikinsa a cike yake, yana tsayawa daram a kan ƙafafunsa, idanunsa a wurinsu suke, kuma a ƙarƙashin cikinsa an zuba sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi a jikin robar kanta. Kwaikwayon kuwa fanko ne, layin haɗin mazubi yana da kaifi, fentin feshi ne da ya zarce iyaka, wani lokaci a ga kerkeci kore ko beyar da ya yi daidai da bushiya a girma.

Matsayinsu a shari'a

Masu saye kan tambayi wannan, musamman tun 2021 da Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta hana amfani da mutum-mutumi wajen tallar tufafi a shaguna.  Game da kayan wasan yara, malamai suna kafa hujja da abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), da ruwayar Abu Dawud da ta ambaci doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta. A kan haka mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, suka keɓe abin wasan yara daga hanin sassaƙa siffar mai rai. Wasu na zamani sun ƙyamaci siffar da aka ƙawata ta yi kama da halitta sosai, kuma jera su a falo don ado wani hukunci ne dabam. Yaran Hausa dai tun kafin roba suna gina shanu da dawakai da laka a bakin kududdufi.

Inda haɗarin yake

Haɗari na farko shi ne shaƙewa. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 kan kayan wasa, da ma'aunin da ake kira EN 71, sun tanadi wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kwatankwacin maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya bai halatta a ba ɗan ƙasa da shekara uku ba. Bushiya da kurege da 'ya'yan aladen nan duk sukan shige, haka ma ƙaho ko jelar da ta karye. Wannan ce ma'anar jan da'irar da ake gani a leda, da fuskar jariri da lambobin 0-3 an ja musu layi. A gidan da yaya da ƙane ke wasa a tabarma ɗaya, abin da aka saya wa ɗan shekara shida a bakin mai rarrafe yake ƙarewa.

Na biyu ba a ganinsa da ido. Ana sa dalma a wasu fentoci masu araha don launi ya fito ya kuma daɗe. Arewa ta san dalma: a 2010 gubarta, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Abin da ke jikin fentin abin wasa bai kai wannan yawa ba, kuma ba ya kisa farat ɗaya. Taruwa yake yi a jiki yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya rage kaifin fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, domin a watan Agustan 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya daga kasuwar Amurka saboda dalma a fenti. Akwai kuma sinadaran da ake tausasa roba da su, waɗanda Tarayyar Turai ta hana wasunsu a kayan wasa tun 1999.

A Najeriya kayan wasan yara suna cikin hajojin da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, SON, ke neman takardar SONCAP a kansu kafin a shigo da su, tsarin da aka fara a 2005. Ɗan sari yana da damar neman ganin takardar a hannun wanda ya shigo da kayan. Harufan CE da ke jikin leda ba shaidar gwajin wata hukuma ba ne a mafi yawan lokuta. Iƙirarin mai masana'anta ne cewa ya bi doka, kuma buga su ba ya cin ko sisi. Sun fi ƙima idan suna tare da cikakken sunan kamfani da adireshinsa.

Mai saye ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da hanci da farce. Robar da ke warin kalanzir ko taya idan an buɗe ledar, ko take danƙo a hannu, ko fentin da ke bin jiƙaƙƙen farin ƙyalle idan an goga, duk alamu ne na a mayar. Rashin waɗannan alamu ba ya tabbatar da cewa babu dalma, domin ba ta da wari. A cikin gwanjo kuma, duk ƙaramar dabbar ƙarfe mai sanyin taɓawa, wadda ke nuna launin toka a inda fenti ya goge, mai yiwuwa tana cikin na dalma da aka yi kafin 1966. Masu tara kayan tarihi a Ingila suna sayen irinsu a ajiye a akwatin gilashi, kuma kwalayen da ake sayar da sababbin kwaikwayonsu na ƙarfe a yau suna ɗauke da gargaɗin cewa ba na yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba ne.