Zagayen naitirojin a tankin kifi

Zagayen naitirojin a tankin kifi shi ne yadda wasu ƙwayoyin bakteriya ke sarrafa dattin da kifi ke fitarwa, su mai da shi daga guba mai kisa zuwa sinadari mai sauƙin illa. Yana faruwa a akwatin gilashi na kifin ado, na ruwan teku ko na ruwan daɗi, haka kuma a tankunan siminti da na leda da ake kiwon tarwada a garuruwa irin su Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Sabon tanki ba shi da isassun bakteriyar, shi ya sa kifi ya fi mutuwa a makonnin farko ko da ruwan ya yi garau a ido.

Yadda yake gudana

Kifi na fitar da amoniya, galibi ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. Rukunin farko na bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mai da amoniya ta koma naitirait. Rukuni na biyu kuma suna mai da naitirait ya koma naitiret. Sunayen biyu sun yi kama a kunne har mai karatu kan rikita su, amma a ruwa ba ɗaya ba ne: naitirait guba ne, naitiret kuwa kifi na jure shi sai in ya taru da yawa.

Masanin Rasha Sergei Winogradsky ne ya fara ware waɗannan bakteriya a shekarar 1890. An daɗe ana rubuta cewa Nitrobacter ce ke aikin mataki na biyu a akwatunan kifi, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa Nitrospira ce ta fi yawa a akwatunan ruwan daɗi. A 2015 kuma aka gano wasu nau'o'in Nitrospira da ke yin matakan biyu su kaɗai.

Bakteriyar suna manne ne a jikin tsakuwa, soso, yashi da bangon tanki, kaɗan ne ke yawo cikin ruwa. Suna buƙatar oksijin sosai, kusan miligiram 4.6 a kan kowane miligiram ɗaya na naitirojin da suka sarrafa, kuma aikinsu na sa ruwa ya ƙara tsami a hankali.

Shirya sabon tanki

Kafin bakteriyar su wadata akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Hanya mafi aminci ita ce a cika tanki, a kunna matata da famfon iska, a zuba ɗan abincin kifi ya ruɓe ba tare da an sa kifi ba. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya, daga nan naitiret ya fara bayyana. Tanki ya shirya idan gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili. Soso ko tsakuwa daga tsohon tanki mai lafiya na rage kwanakin jira. Wanke matata da ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar, a koma farko.

Sabon tankin siminti yana da tasa matsalar daban: siminti na sakin sinadarin da ke ɗaga ma'aunin pH ƙwarai. Don haka ake jiƙa shi kwanaki, a zubar da ruwan, a wanke, a maimaita kafin a zuba 'ya'yan kifi.

Zafi da ma'aunin pH

Amoniya na zama cikin ruwa a siffa biyu, ɗaya mai tsananin guba, ɗaya mai sauƙi, kuma pH da zafi ne ke raba su. A zafin digiri 25, idan pH yana 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 tana kai kusan kashi 5, a pH 9 kuwa ta haura kashi ɗaya cikin uku. Adadin amoniyar da kifi ya jure jiya yana iya kashe shi yau idan pH ya tashi. Kanwa na cikin abubuwan da ke ɗaga pH da sauri, saboda haka zuba ta a ruwan da amoniya ta taru ganganci ne.

Yanayin arewacin Zamfara na tsananta lamarin. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan kai digiri 40. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, amma 7.5 kawai a digiri 30. Da hunturu kuma sanyin dare na rage aikin bakteriya da cin abincin kifi, abincin da aka zuba ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. Tarwada na da gaɓar da take shaƙar iska kai tsaye, abin da ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta jure ba. Wannan juriya kan yaudari mai kiwo, don ba ta kare tarwada daga amoniya ko naitirait. Naitirait na shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Gishiri kaɗan a ruwa na rage shigarsa jikin kifi.

Ƙananan masu kiwo a Najeriya sun fi dogara da sauya ruwa akai-akai a madadin matata. Hanyar tana aiki, sai dai tana cin ruwa da man famfo, kuma a yankin da kogunan Gagare da Bunsuru ke ja baya da rani wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, ya fi kyau a bar shi ya sha iska kafin ya shiga tanki. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja na daga cikin hukumomin da ke nazarin kiwon kifi a Najeriya.

Akwatin ruwan teku

Matakan iri ɗaya ne, amma sharuɗɗan sun fi tsauri. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ana riƙe akwatin a pH 8.1 zuwa 8.4, zafi digiri 24 zuwa 27. A irin wannan pH amoniya kaɗan ma haɗari ce, yayin da naitirait ke da sauƙin illa saboda yawan gishiri. Wanda ke nesa da teku yana haɗa ruwan ne da gishiri na musamman da ake sayarwa don haka. Gishirin miya ba ya maye gurbinsa, domin babu isasshen kalsiyam da magnesiyam a cikinsa. Duwatsu masu ƙofofi da yashin murjani su ne mazaunin bakteriyar. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, kamar yadda yake yi da sauri a busasshiyar iskar hunturu, ruwan daɗi tsantsa ake ƙarawa, domin gishirin yana nan bai tafi ba. Naitiret kuma ana rage shi ta hanyar sauya kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan duk bayan mako ɗaya ko biyu.